Sunaye Masu Ɗigon Fensir

Makassar, 4 ga Maris

Zuwa ga Ibu Saribanong, uwata a wurin aiki,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin saba da zaman tsibirin Selayar, kuma gwiwar ta yi sauƙi. A gaida 'yarki da jikoki. Na kira ki sau uku, aka ce kin ce duk mai magana da ke ya rubuto a takarda, kin ajiye aiki kin ajiye waya. To ga takarda, na ba direban motar da ke shiga jirgin ruwa.

Ofishin ƙungiya yana nan yadda kika bar shi wata biyu da suka wuce, sai dai teburinki yanzu kwamfuta ce a kai. Ba zan ɓoye miki ba, manhajar da na kawo tana aiki. Rahoton da kike kwashe mako biyu kina haɗa wa masu ba mu tallafi, yanzu kafin shayi ya huce ya fito. Majinyatanmu duka ɗari uku da goma sha biyu sun shiga ciki. Ita da kanta take aika wa kowa saƙo a waya idan ranar karɓar maganin kuturtarsa ta zo, ba sai wani ya hau babur ya bi su ɗaya-ɗaya ba. Masu tsallake wata sun ragu. Shugabanni sun yaba mini a taro, har babbansu Pak Mappiasse, wanda kin san bakinsa bai saba da yabo ba.

Tambaya ce da ni, 'yar ƙarama. A babban littafinki na rajista akwai sunayen da kika sa wa ɗigo da fensir a gefe. Na ƙirga, arba'in da ɗaya ne. Na tuna kin yi mini bayaninsu ranar da kika miƙa mini makullai, amma ranar kaina ya ɗau zafi, ga walimar sallamarki, ga baƙi. Ki taimaka ki sake faɗa mini, don in gyara fayil. Ba wani abin gaggawa ba ne.

Na san ba ki ji daɗin yadda aka sallame ki bayan shekara ashirin da shida ba. Ni ma abin yana damuna, don ke kika koya mini aikin nan tun ban san inda ake ajiye hatimi ba.

Ki huta lafiya. 'Yarki,
Tenri

Selayar, 11 ga Maris

Nak Tenri, 'yata,

Wa alaikumussalam. Mun gode da gaisuwa, kowa yana amsawa. Gwiwa tana nan, kuma ta fi ki gaskiya, in tana ciwo faɗa take yi.

Kin kira sau uku, kin nemo direba, sannan kin ce ba gaggawa. Ni kike yi wa wannan? Na san rubutunki tun kina ɓata mini takardu.

Ranar makullan ba kanki ne ya ɗau zafi ba, wayarki kike latsawa. Sau biyu kika ce mini, "Na gane, Ibu," ko ɗagowa ba ki yi ba. Masu ɗigo su ne waɗanda 'yan gidansu ba su san suna da cutar ba. Ba a kiransu, ba a aika musu takarda, ba a zuwa ƙofarsu da babur mai tambarin ƙungiya. Lambobin da ke gaban sunayensu ma da yawa ba nasu ba ne. A asibiti ake cewa dole sai an ba da lamba, sai mace ta ba da ta miji ko ta maƙwabci don a bar ta ta tafi. Ban rubuta wannan da kalmomi ba saboda littafin a buɗe yake wuni a tebur, kowa ya shigo sai ya leƙa.

Kowannensu da hanyarsa. Akwai direban da nake ajiye wa maganinsa wurin tela. Akwai malamin makarantar da nake tsayawa jira a bayan masallaci ran Juma'a. Akwai Jumriah, mai sayar da shinkafar kurkum a ƙofar firamare. Ita, Alhamis ɗin farko ta kowane wata nake zuwa da kulata kamar mai saye, maganin yana ciki, ta cire shi ta zuba mini shinkafa. Da ƙwayar ta sa fatarta ta yi duhu, ni na ce ta gaya wa surukarta zafin murhu ne. Da ƙyar na shawo kanta ta fara sha, sai da na dafa mata Alƙur'ani cewa babu mai ji daga bakina. Ta sha wata tara, saura uku. Ina fatan kin sa wani yana zuwa mata da kula.

Yanzu ki daina zagaye-zagaye. Me saƙon nan naki yake cewa? Ki rubuto mini shi yadda yake, kada ki gyara komai. Sannan ki faɗa mini wane ne.

Allah ya tsare.
Saribanong

Makassar, 16 ga Maris

Ibu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, kuma ina jin kunyar gaisuwar. Jumriah ce.

Ga abin da saƙon ya ce: "Ibu Jumriah, ranar Alhamis za ki karɓi maganin kuturta na wata na goma. Kada ki tsallake." Ni na tsara kalmomin da hannuna. Mutumin da ya ɗora mana manhajar ya tambaye ni ko a sa sunan cutar, na ce a sa, don kada a rikita shi da saƙon rigakafi. Ya kuma nuna mini ɗigon nan ya ce babu gurbinsu a kwamfuta, ya za a yi da su. Na tuna kin ce wani abu a kansu. Na ce a bari, zan duba daga baya, don masu tallafi za su zo ran Litinin kuma ina so su ga abin yana gudana. Ban duba ba.

Lambar ta ƙanin mijinta ce, Sakka. A inuwar ƙarƙashin gidansu na kan turaku ya karanta saƙon da ƙarfi, mata suna zaune suna tsintar shinkafa. Kafin la'asar surukarta ta ware mata kofi da kwano, washegari ta ɗauke mata 'yarta Nurung, mai shekara shida, ta mayar da ita wurinta. Mijin bai hana ta ba. Iyayen yara suka hana 'ya'yansu sayen abincinta. Yanzu tana wani ɗaki a bayan gidan gwaggonta. Har yau tana fitar da tukunya da safe, ƙarama, tana komawa da ita yadda ta fito. Sauran masu ɗigon na tsayar da nasu saƙon da na gano, Allah ya rufa musu asiri, amma ba da dabarata ba.

Na je wurinta da maganin a jaka. Ita ba ta ga saƙon ba, kin san ba ta karatu, ce mata kawai aka yi mutanen ƙungiya ne suka faɗa. Ta dube ni ta ce, "Mutum ɗaya ce ta sani a duniyar nan. Wata tara tana cin shinkafata, tana ce mini 'yata. Da aka kore ta daga aiki sai ta huce a kaina."

Na ce, "Sai haƙuri, Ibu."

Abin da na ce ke nan, ban ƙara komai ba. Ina zaune tana tsine miki, ni kuwa ina jin sauƙi a raina cewa ba sunana take kira ba. Da na fito da maganin ta ce in mayar, ba za ta ƙara haɗiyar komai daga hannunmu ba. Ta tsallake na Fabrairu, ta tsallake na Maris. Na ga ƙuna a yatsunta biyu na hagu, na tambaye ta, ta ce ba ta san lokacin da tukunya ta taɓa ta ba. Kin fi ni sanin abin da wannan yake nufi.

Su Pak Mappiasse na ce musu matsalar na'ura ce. Wasiƙata ta farko ma, fata nake ki ce mini ɗigon ba wani abu ba ne, ko ki ce ba ki yi mini bayani sosai ba. Na cuce ta, na cuce ki, kuma ban san wanda ya fi muni ba. Ki faɗa mini abin da zan yi.

Ki gafarce ni in kin iya.
Tenri

Selayar, 22 ga Maris

Tenri,

Wa alaikumussalam. Na gaishe ki, don an ce a gaisa.

Kwana biyu takardarki tana ƙarƙashin filo na kasa amsawa. Na so in ce miki sunana bai dame ni ba, amma ƙarya ne, ya dame ni ƙwarai. Na yi kuka, na zage ki, 'yata ta ɗauka mutuwa aka yi. Da na gama da ke sai na dawo kaina. Shekara ashirin da shida na riƙe mutanen nan a cikin kaina ni kaɗai, kuma ba don rufin asiri kawai ba. Ina jin daɗin a ce in babu Saribanong ba a san hanya ba. Ranar da na ga kina latsa waya ina magana, kamata ya yi in ƙwace ta, in ɗauke ki a babur mu zaga su arba'in da ɗayan nan. Sai na ce a raina, bari ta gani. Na tafi da fushina, kuma ba ke kika gani ba, Jumriah ce.

Ni ba zan zo ba, in ta hango ni za ta rufe ƙofa, sai mu rasa ta gaba ɗaya. Ke za ki je. Ki je da safe lokacin da yara ke shiga makaranta, ki zauna a bencinta, ki ci a kwanonta kowa yana gani. In an watse, ki buɗe saƙon ki karanta mata, ki ce ke kika rubuta. Kada in ji kin ce kuskure aka samu, ko na'ura. Kada ki yi mata kuka, don ba aikinta ba ne ta rarrashe ki, kuma kada ki roƙe ta gafara. Maganin kada ya bi ta hannunki, ki gaya mata akwai shi kyauta a asibitin unguwar gwaggonta, ta nemi ma'aikaciyar jinya, Suster Hadrah. Daga nan ki wuce wurin Pak Mappiasse ki faɗa masa abin da kika faɗa mini.

Manhajar kada ki kashe ta don ki burge ni. Yatsun yarinyar nan nake so, ba teburina ba.

Allah ya yafe mana mu duka.
Saribanong

Makassar, 9 ga Afrilu

Ibu Saribanong,

Assalamu alaikum. Ni ce Jumriah. Suster Hadrah ce take rubuta mini, ina zaune a gabanta, yanzu na haɗiye na wata na goma. Ina gaishe ki, ina gaida gwiwa.

Ibu Tenri ta zo. Ta ci kwano biyu a gaban mutane, duk da haka babu wanda ya zo ya saya. Ta karanta mini abin, ta ce ita ta rubuta. Ta ce kin hana ta neman gafara, sai ga shi ta nema. Ban ba ta amsa ba, don ba ni da ita tukuna.

Ke nake roƙo ki yafe mini. Wata biyu ina kiran sunanki a sujada da abin da bai kamata ba.

Suster ta ce yatsu biyun da suka daina ji ba lallai su dawo ba, sauran za su tsira in na ƙarasa. Zan ƙarasa. Ta rubuta mini takarda cewa ba na shafa wa kowa, na aika wa surukata, aka dawo da ita ba a buɗe ba. Jiya na ga Nurung a ƙofar makaranta. Ta ɗago mini hannu daga nesa, kakarta ta kama hannun ta sauke.

Ki sa mu a addu'a. Allah ya ƙara lafiya.
Jumriah