Tsintsiya a Gaba

Yaya,

Ya jikin Inna, ya yara? Ni lafiya ƙalau, kada ki sa komai a ranki.

Aikinmu na iskar haidirojin yana tafiya, injiniyoyi kowa na gaggawar a kunna tashar. Sai dai in iskar nan ta yi yoyo ta kama da wuta, wutar ba a ganinta da rana. Na'urar gano ta kuma ta lalace, don haka mai zagayen bututu yakan miƙa tsintsiya a gabansa. In ta kama da wuta, ya tsaya cak.

Jiya tsintsiyar abokin ɗakina ta kama a ƙofar ɗakin cin abinci. Manya sun ce ba komai.

Ki ce Inna ta sa ni a addu'a, amma ki ɓoye mata dalili. Ke da kike min gorin ban taɓa riƙe tsintsiya ba, gobe ni ne da ita.

Ƙaninki