Bari Sanyi Ya Wuce

Daren Alhamis, ƙarshen Fabrairu, Barking

Tun da ɗana Likita ya kawo mu garin nan, ni da uwarsa, duk sanda na ce zan koma Gumel amsarsa ɗaya ce: "Baba, bari sanyi ya wuce, sai in yi booking ɗin jirgi." To, a London yaushe sanyi ke wucewa? Sa'annina a gida duk sun yi rufin kwano da arzikin fetur, ni ɗakina ko yaɓe bai samu ba, ga damina tafe.

Amma yau uwar tasa, Hajiya, a waje ta yi shanya, ba a jikin hitar kananzir da muke ɗumama ɗaki da ita ba. Da la'asar ta miƙo mini rigata. "Malam, taɓa ka ji." A bushe take ƙayau, babu warin kananzir. Na ce ai ga shaida, sanyi ya wuce. Ta yi dariya, wai kada in tayar wa yaro da hankali, amma na gan ta tana goge akwatinmu.

Na ninke rigar, ba zan sa ba sai ya zo Asabar ya taɓa da hannunsa. So nake ya faɗa mini a gaban uwarsa: wane sanyin kuma muke jira ya wuce?