Sabon Inji a Motar Baba

Asabar, 4 ga Mayu

Yau ma Tsohuwa ta mutu a kan tudun asibiti, daidai kwanar nan ta gaban mai faci. Baba a kujerar baya, zufa ta jiƙa masa riga, yana tambaya ko mun iso. Kafin a taya ni tura ta gefe ta huce, likita ya tashi. An sake ɗaga mana.

Motar Baba ce, ina firamare ya saye ta. Tun da idonsa ya tafi take hannuna. Na wanke kafireto, na canza fulogi, na bi komai ɗaya bayan ɗaya yadda ya koya mini. Ƙarfi ne babu. Ko kuma ni ne ban iya ba.

Talata, 7 ga Mayu

Na kai ta garejin Sifana. Ya kasa kunne, ya ce, “Malam, injin nan ya daɗe da yin ritaya, kai ne ka ƙi sallamarsa.” Yana da wani mai silinda shida, daga motar da aka daka ta baya, injin ko ƙwarzane babu. Sai an yanke ƙafafun da inji ke zama a kai an sake walda, a sa lagireto babba, giyabos ma na waccan.

Na tambaye shi birki fa, zai iya riƙe wannan ƙarfin? Ya yi dariya. “Ba ka hau tudun ba tukuna, har ka fara tunanin gangara.”

Na ce zan yi shawara.

Alhamis, 9 ga Mayu

Da na dawo daga aiki na kashe mota a ƙofar gida, ta yi abin nan nata: a zare makulli, ta girgiza, ta yi tari, ta sake, sannan ta yi shiru. Daga baranda Baba ya ce, “Sannu-sannu ya iso, a ba shi ruwa.” Sunan da ya laƙaba mini ke nan tun ina yaro, wai kafin in ɗaure takalmi an tashi daga makaranta.

Kansa na ƙara rikicewa. Ƙanwata Auta ta zo jiya, ya kira ta da sunan marigayiya Mama, ta shiga kicin ta yi kukanta. Maman yara kuwa ya mai da ita nas. Ni kaɗai ne ban taɓa ɓace masa ba. Ba na faɗa a gabansu, amma ina jin daɗin hakan. Allah ya yafe mini.

Lahadi, 12 ga Mayu

Na faɗa wa Baba za a canza inji. Ya ce a duba ruwan batir. Na ɗauka ya yarda ke nan.

Laraba, 15 ga Mayu

An ciro shi. Na tsaya ina kallo yana lilo a jikin sarƙa, baƙin mai na ɗiga a ƙasa. Ƙarami ne ashe. Sifana ya tambaya ko zan tafi da shi gida. Ina zan ajiye? Maman yara ta daɗe tana mita kan tsoffin tayoyin da ke bayan ɗaki. Na ce ya ba masu sayen tsohon ƙarfe.

Kwanakin nan tasi ke ajiye ni a titi, a ƙafa nake shigowa gida. Baba bai ce mini komai ba da na gaishe shi. Barci yake ji, ina tsammani.

Asabar, 18 ga Mayu

Murfin inji ya ƙi rufuwa, sabon ya fi tsayi. Mai walda ya sassauta ƙafafun. Yanzu kuma salansa, bututun hayaƙin nan, na taɓa ƙasa. Gyara ɗaya, ɓarna ɗaya.

Alhamis, 23 ga Mayu

Ta tashi. Murɗawa ɗaya. Ba tari, ba girgiza, wani gurnani ne kawai a ƙasa-ƙasa kamar babbar kyanwa. Muka gwada ta a tudun ni da Sifana, ta haye a giya ta uku, mai faci har ya miƙe tsaye yana kallo. Sifana na dukan kafaɗata: “Tsohuwa ta koma budurwa, Malam, sai ka riƙa kulle ta!”

Na iso gida da murna. Na kashe, ta yi ɗif nan take. Baranda shiru. Na ƙarasa na durƙusa na ce Baba sannu da gida. Ya juyo da fuska wajen muryata ya ce, “Bawan Allah, wa kake nema?”

Na ce ni ne. Na faɗi sunana, na faɗi Sannu-sannu. Ya ce, “Bai dawo ba. Zauna ka jira shi, yanzu za ka ji motarsa.”

Na zauna. Me zan yi.

Juma’a, 24 ga Mayu

Haka yau ma.

Lahadi, 26 ga Mayu

Maman yara ta same ni ina goge gilashin da ba datti. Ta ce, “Baban yara, ni fa na ɗauka ka sani. Ya daɗe ba muryarka yake ganewa ba. Motar yake ji, sai ya san wanda zai shigo bayanta kai ne. Ranakun da ka dawo a tasi ai bai kula ka ba.”

Na ce me ya sa ba ta faɗa ba. Ta ce, “Kai da ka tambayi bakanike har zancen birki, na ce ai wannan ma ka lissafa.”

Ban lissafa ba. Lagireto, salansa, man da za ta riƙa sha, duk na yi tunaninsu. Wannan ko sau ɗaya.

Litinin, 27 ga Mayu

Na je filin masu tsohon ƙarfe bayan an tashi daga aiki. Tsibi-tsibi, ƙarar guduma ta ko’ina. Mai wurin ya ce injin da ya shigo ba ya kwana biyu a haɗe, fasa shi suke, alminiyom gefe, baƙin ƙarfe gefe. Ya nuna mini tsibin. Na tsuguna ina jujjuya gutsattsari kamar zan gane wani. Ya ce, “Alhaji, zinariya ka manta a ciki?”

Hannuna ya yanke. Ba sosai ba.

Alhamis, 30 ga Mayu

Na roƙi Sifana ya sa sabon ya riƙa tari idan an kashe. Ya kalle ni ya daɗe. “Shekara nawa ina gyaran mota, yau ne aka fara kawo mini lafiyayya a ce in sa mata ciwo.” Da na yi masa bayani bai ƙara wasa ba. Ya murɗa nan ya murɗa can har yamma.

A ƙofar gida na zare makulli, sai ta buga wata ƙara ta salansa kamar bindiga. Baba ya zabura, kofin shayi ya kife masa a cinya, yana kiran a shigar da yara ɗaki. Da ƙyar Maman yara ta lallashe shi.

Gobe a mayar da ita yadda take.

Asabar, 1 ga Yuni

Auta ta tono wani tsohon bidiyo a wayarta, ana jin Tsohuwa na tari a bayan surutunsu. Ta kunna masa kusa da kunne, ni ina tsaye a bakin ƙofa a shirye in shigo. Ya saurara, ya ce a rage rediyon nan.

Auta ta ce, “Yaya, ka bari haka.”

Talata, 4 ga Yuni

Kullum da yamma yana baranda, kunne a titi. Ya ƙi shiga ciki sai an ce masa Sannu-sannu ya yi waya zai makara. Ni nake faɗa masa. Ni nake kama hannunsa in kai shi ɗaki, in cire masa takalmi. Ya yanke cewa ni direba ne da ɗansa ya ɗauko. Na gyara masa har na gaji, kuma duk gyarawa sai ransa ya ɓaci, ya ce ana raina masa hankali.

Na kira likita a waya, ya ce ba inji ba ne, ciwon ne ke tafiya, da ma za a zo nan. Wataƙila. Amma da an zo a hankali.

Asabar, 8 ga Yuni

Asibiti. Mun isa kafin lokaci, ba mu taɓa yi ba. Awo lafiya, an ƙara magani ɗaya.

A hanyar zuwa, muna fara hawa tudun, ya dafa bayan kujerata. “Direba, hannunka da kyau. Da yarona ne da yanzu muna ƙasa ana turi.” Ya yi ’yar dariya. “Ba ya sauri, amma ba ya barin mota a hanya. Ko mutum. Zai zo.”

Na ci gaba da tuƙi.

Can ya ce, “Akwai wata kwana a gaba, nan take mutu masa. In ka gan shi ka tsaya mu ɗauke shi, rana ta yi zafi.”

Na ce, “To, ranka ya daɗe.” Haka ya fito, ban shirya ba. Don kada ransa ya ɓaci ne kawai.

Mai faci na zaune a ƙarƙashin rumfarsa, ya ɗaga mini hannu. Na sauke giya, na rage gudu a daidai wurin.

Har na duba gefen titi.