Dami Huɗu daga Bakin Lamurde

Kachalla Sembe, Jalingo,
14 ga Agusta, 1994.

Hamma Julde,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya Baffa da Inna, yaya shanunmu? Ni lafiya lau nake.

Na samu aiki wurin Baba Philemon, tsohon ma'aikacin gwamnati mai shanu bakwai. Bana ruwa ya yi yawa, in saniya ta shiga fadama sai ta nutse har gwiwa. Shi ya sa suna ɗaure a rumfa, ni nake yanko musu ciyawa a bakin kogin Lamurde, dami huɗu kullum. Sai na baza ta ta sha iska kafin in zuba musu, don jiƙaƙƙiya tana kumbura musu ciki.

Ruwa ya ɗan ci mini ƙafa, amma ba wani abu ba ne. In akwai mai zuwa, a aiko mini da man kaɗanya.

Hamma, ka san Baffa bai taɓa ɗaukar wa saniya abinci a ka ba. Shi yake gaba, su suna bin sa. In ya tambayi aikina, ka ce ina kiwo. Daga nan ka yi shiru.

Allah ya ƙara masa lafiya.

Ƙaninka,
Gidado