Ta Ina Za Ta Hita?

Lahadi, 8 ga Nuwamba, 1959
Yau gawar akori-kura ta iso gida, gunduwa-gunduwa. Inji bisa amalanke, ƙyamare bisa jaki, ƙashin bayanta kuwa mahauta abokaina sunka karkata shi sunka shigo da shi ta zaure. Ita ce motar da marigayi Baba ke haya yana kai fatu kanti, ita na fara shiga a duniya, ina bisa cinyarsa. Matata Mariyatu ta ce, "Sodangi, tsakar gidan nawa ka mai da gareji?" Na yi kamar ban ji ba.

Asabar, 16 ga Janairu, 1960
Daga mahauta sai gindin mota. Na sa maƙeri ya ƙara wa ƙashinta tsawo, ya ɗaure shi tamau. Sahabi kafinta ya kafa mata bodin katako mai tsayi, don raguna. Kujerar har yau warin kirgi take. Na zauna ciki na daɗe, wallahi kamar Baba zai yi tari.

Juma'a, 8 ga Afrilu
Ta tashi! Na murɗa hannun tada inji har kafaɗata ta ƙage, sai ta yi tari ta kama. Kaji sunka watse, Mariyatu ta rangaɗa guɗa. Mahaifiyata, Inna Hajjo, ta leƙo daga ɗakinta da sanda, ta dube ta sama da ƙasa, ta ce, "Madalla. To ta ina za ta hita?"
Na juya na dubi ƙofar zaure.

Lahadi, 10 ga Afrilu
Na gwada da igiya. Ƙofofin zaure ba su kallon juna, don kada na waje ya hango cikin gida, kuma ƙashin da na tsawaita ba ya shan wannan kwanar ko an kwance komai. Baya da gefe duk gidajen maƙwabta. Saura zaure.
Zauren da Baba ya gina da hannunsa. Ga shatin yatsunsa nan jikin yaɓe. Nan yake shimfiɗa buzu, mahautan Ƙofar Taramniya su kewaye shi ana damun fura ana gardamar shanu. Ba ni rushe shi. Ta ruɓe nan.

Talata, 14 ga Yuni
Kaza ta yi ƙwai ƙarƙashin sitiyari. Sahabi na kirana direban tsakar gida. Ɗan banza.

Alhamis, 8 ga Satumba
Saƙo daga Wurno: Kaltume, ƙanwar Inna, tana kwance, jiki ya yi nauyi. Inna ba ta iya hawa babbar mota, ƙafafun sun ƙi. Ta kira ni ta ce, "Kai ni da taka." Na ce Inna, zauren Baba fa? Ta ce, "Ƙasa ce, Sodangi. Ni munka kwaɓa ta da shi, ni na ɗebo ruwan. Kaltume ba ƙasa ba ce tukuna."
Na hita. Haushi nake ji, ban san na wa ba.

Asabar, 1 ga Oktoba
Gari ya cika da kiɗa, an samu mulkin kai. Ni ina zaure ni kaɗai, na dafa bango. Ina kewar tsohon nan ƙwarai.

Lahadi, 9 ga Oktoba
Jiya munka sa diga. Ni na fara sara, don kada wani ya riga ni. Ban duba ba sa'ad da bangon gabas ya faɗi.
Yau Inna na gaba, ta riƙe ƙofa da hannu biyu tana salati har Wurno. Kaltume ta gane ta. Ta kira ta da sunan yarinta, wanda ni ban taɓa ji ba. Sunka riƙe juna suna kuka, sannan sunka koma dariya, wai Inna ta zo da mota kamar matar Joji.

Laraba, 19 ga Oktoba
Kaltume ta rasu shekaranjiya. Allah Ya jiƙanta. Na sake kai Inna.
Maccido magini ya zo yana tambaya ko a tada zauren yadda yake da. Na ce a'a, a faɗaɗa ƙofa. Bakina ya riga ni, kuma ban gyara ba.