Tukwanen Rifkatu

Kambarawa, Katsina
Litinin

Zuwa ga Yaya Malam Abdurrahim,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata kana lafiya, da Ramla da yara da ɗalibai. Yaya ciwon gwiwar? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan sai godiya.

Yaya, fatawa nake nema, kuma na kasa ta waya, don ka san tun muna makarantar allo in na ji muryarka bakina mutuwa yake yi.

Ka tuna Rifkatu, maƙwabciyata Kirista, wadda ta yi jinyata da na haifi Anas? Shekara goma sha tara ita ke riƙe da girkin majami'arsu. Ranar Lahadi da an fara waƙa take sulalewa ta dama wa yara kunu. In taron shekara na zumuntar mata ya zo kuwa, kwana uku tana bayan gini cikin hayaƙi. Ta ce ba ta tuna ranar da ta ji wa'azi daga farko har ƙarshe ba.

Makon jiya ta faɗa mini abin da ko Fastonsu bai sani ba. Kunnenta na hagu ya mutu, na dama kuma likita ya ce tafiya yake yi, ba lallai ya kai baɗi ba. Tana son ta zauna ta ji wa'azi ko sau ɗaya kafin a rufe mata.

Fasto ya sha yi mata nasiha cewa hidima ba ta maye gurbin zama gaban Ubangiji. Ita kuma ta ce in ta zauna, tsofaffin da ke tahowa daga ƙauyukan Malumfashi da Kafur da yunwa za su koma. Matasan matan sun ce ita ce ba ta sakar wa kowa muciya. Ni dai na duba, kowa da gaskiyarsa.

Taron bana Juma'a za a fara, Lahadi a rufe. Ina so ranar rufewar a kawo tukwanen gidana in dafa, a zo a ɗauka. Ba zan shiga majami'a ba, ba ruwana da ibadarsu. Naman ma yankan Musulmi take saye kullum, don mu maƙwabta mu iya ci. Baban Anas ya ce bai ga laifi ba, amma a tambaye ka. Ya halatta?

Ka gaishe da kowa.
Ƙanwarka,
Iklima

Kambarawa
Talata

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata an tashi lafiya, da iyali baki ɗaya. Amsarka ta iso Asabar da la'asar. Na gode da ka ce in tsayar da niyyata kan ciyar da baƙin maƙwabciya. Sai dai in faɗa maka gaskiya, kafin ta iso na riga na tsince shinkafa na gyara kayan miya. Ka yafe mini gaggawar.

Ranar Lahadi bayan sallar asuba muka hura wuta, ni da Binta ta gidan gaba da ɗiyarta Fatima. Tukunya biyar. Rifkatu ta ɗaura zanen zumuntarsu, wanda ko sau ɗaya bai taɓa kwana babu ƙaurin hayaƙi ba, ta tafi fes.

Wajen ƙarfe goma sai ga keke-napep a ƙofa. Ita ce. Wai ta zo ta ɗanɗana gishiri ne kawai ta koma. Yaya, na sa sakata a zaure. Tun da muke ban taɓa rufe mata ƙofa ba. Ta yi ta bugu tana kiran sunana, ina tsaye jikin ƙyaure, ina ɗaga murya ina ce mata ta koma, ban ma san ko tana jina ba. Da na ji keken ya juya sai na zauna na yi kuka.

Da yamma ta shigo, fushinta bai gama sauka ba. Ta ce miyata ta yi ruwa. Sannan ta ba ni labari. Ta zauna a bencin gaba, ta juya kunnen dama wajen lasifika. Wa'azin rabi ta kama, rabi ya wuce ta. Matasan kuma sun ji kunya da aka ce maƙwabciya ce ta dafa, har sun tsara girki bi da bi, Rifkatu sau ɗaya a wata. Za mu gani in za ta saki.

Tana ba ni labarin tana hawaye, amma ba wannan ya sa ta hawayen ba. Ashe al'adarsu ce, kafin a tashi taro shugabar zumunta ta yi wa masu girki addu'a, ta kira su ɗaya bayan ɗaya. A lokacin su suna baya suna zuba abinci a kwanuka, kuma ba wanda ya taɓa tunanin ya gaya musu. Shekara goma sha tara ana farawa da sunanta a ɗakin da ba ta ciki. Shekaranjiya tana zaune aka kira shi, kuma ta ji shi sarai.

A gaishe mini da Ramla da yara. Ka sa Rifkatu a addu'ar samun sauƙi.

Ƙanwarka,
Iklima