Ganyen Turare a Hannun Baba

Merrigal, Gippsland
27 ga Disamba

Zuwa ga Yayana Craig,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kun isa Hobart lafiya, kai da Jodie da yara. Yaya gajiyar hanya? Mu nan lafiya lau, in ban da hayaƙin da ya sa kowa tari.

Na kira ka har na gaji ba ka ɗauka ba, to ga wasiƙa, in ga ta inda za ka kashe ta. Yaya, ka ba ni kunya ranar Kirsimeti. Mutum ya shekara bai ga mahaifinsa ba, ko jatan landen da na wuni ina ɓarewa bai kai baki ba, sai ya hau yi masa lacca a kan sauyin yanayi kamar ɗalibinsa? Na sani, Baba ne ya fara tsokana, da ya ce 'yan birni masu bautar bishiya ne suka hana a ƙona ciyawa har daji ya cika maƙil. Amma da ka ce masa jahilci ne ke damun manoma, me ka zata zai yi, ya tafa maka? Taurin kanku iri ɗaya ne, ni ce kullum a tsakiya.

Ba don faɗa na rubuto ba. Tsoro nake ji, Yaya. Wutar da tsawa ta kunna a bayan tsauni ba ta mutu ba, kullum ƙara faɗi take yi. 'Yan kwana-kwana sun bi gida-gida suna cewa duk mai tafiya ya tafi da wuri, kada ya jira sai ya ga wuta da idonsa. Baba ya ba su shayi, ya raka su har bakin mota, ya ce ba inda za shi. Da na matsa masa sai ya ce, "Kerrin, gobara uku na tare a gidan nan da jiƙaƙƙen buhu. Ta huɗun ce za ta kore ni?" Yanzu haka yana kan tsani, da shekarunsa saba'in da ɗoriya, yana toshe indararo da ƙwallon tanis yana cika su da ruwa don kada tartsatsi ya kama rufin. Tafkin shanu kuwa ya kafe har ƙasarsa ta tsattsage, abin da ban taɓa gani ba tun da aka haife ni.

Ka kira shi. Ka ba shi haƙuri ko da kai ne mai gaskiya, ka roƙe shi ya fita daga gonar nan. Ni ba ya jin maganata, har yau kallon yarinya yake yi mini.

Ka gaishe mini da Jodie, ka shafa mini kan yara.

Ƙanwarka,
Kerrin

2 ga Janairu

Yayana Craig,

Bayan gaisuwa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, barkanmu da sabuwar shekara, in har da barka a cikinta. Ko ka kira ban sani ba, don wuta ta cinye turken waya, gari duk ba layi. Direban da ya kawo mana harawa zan ba wannan ya saka a gidan waya.

Jiya aka yi taro a zauren gari. Bev, shugabar 'yan kwana-kwananmu, ta kira shi don a tsara yadda za a kwashe mutane, amma ko taswira ba ta gama buɗewa ba aka kaure. Tsoho Clarrie maƙwabcinmu ya ce 'yan iska ne ke yawo da ashana. Malamar firamare ta ce zafin duniya ne, a duba yadda ruwan sama ya ɗauke. Wani daga baya ya ce mata ta koma birni ta koya wa bishiya karatu. Baba ya miƙe ya yi ta zuba, gwamnati kaza, izinin ƙona ciyawa kaza, aka yi ta tafi. Sai da Bev ta buga tebur ta ce, "Ku ji mini mutane! Ni ban damu da wanda ya haifi wutar nan ba, ranar Asabar iska za ta juyo da ita kanmu. Wa zai tafi, wa zai zauna?" Baba na cikin waɗanda suka ɗaga hannu za su zauna.

A hanyar gida ya tsayar da akori-kura a bakin shingenmu na arewa, inda gona ta haɗu da daji. Ya sauka ya tsinci busasshen ganyen bishiyar turare. Ka tuna yadda Kaka ya koya masa? Idan zafi ya wuce, wajen Afrilu, kafin a sa wa ciyawa wuta sai a lanƙwasa ganyen da ya faɗi. In ya lanƙwasu, akwai laima, wutar za ta tafi a hankali ta mutu da kanta. In ya karye, a mayar da ashana aljihu. Baba ya matse ganyen, ya zama gari a tafinsa.

Ya ce, "Shekara uku ke nan suna ba ni izini, Kerrin. Ba wanda ya hana ni. Ni nake fitowa da ashana, Afrilu, Mayu, har cikin sanyin Yuni, ganye sai ya karye. Na ji tsoro, na koma gida."

Na tambaye shi, to me ya sa ya yi ta ɗora wa gwamnati a taro? Ya ce, "In ce musu me? In ce na daina gane gonar da aka haife ni a cikinta?" Ya hana ni faɗa maka. Ga shi na faɗa, ka riƙe a cikinka.

Na ɗauka tunda ya furta haka zai yarda mu tafi. Ina! Cewa ya yi ciyawar da bai ƙona ba ita ce za ta kawo wuta har ƙofar Clarrie, don haka ba zai gudu ya bar wa mutane ba. Da na yi kuka sai ya ce, "Shanun fa? Su ma a motarki za ki zuba su?"

Yaya, abinci ba ya shiga mini. Ka yi mana addu'a.

Taka,
Kerrin

6 ga Janairu

Yayana,

Ina gaishe ku, da fatan kuna lafiya. Baba yana da rai, ka fara sanin wannan. Daga asibiti nake rubutu. Wata ma'aikaciyar jinya za ta ɗauki hoton takardar ta tura maka, don in na kira ka kuka ba zai bar ni in yi magana ba.

Ranar Asabar da tsakar rana sama ta yi ja, can kuma ta yi baƙi ƙirin, har kaji suka shige akurki. Ganyaye masu ci da wuta suka riƙa faɗowa a tsakar gida alhali wutar tana bayan tsauni tukuna. Ƙararta kamar jirgin ƙasa ya nufo ɗakinka. Baba ya tsaya da buhunsa a hannu yana kallo, sai na ji ya ce, "Wannan ba irin wadda na sani ba ce." Ya ce in yi gaba da karnuka, shi zai buɗe wa shanu ƙofofin shinge ya biyo ni. Na tafi. Ina wuce gada aka rufe hanya a bayana.

A filin ƙwallo aka tara mu. Duk motar da ta shigo sai in ruga in leƙa, ba shi ba ne. Ban taɓa sanin tsoro yana sa mutum amai ba sai ranar. Sai washegari da hantsi motar su Bev ta shigo da shi. A kwalbatin bakin titi suka same shi, ya lulluɓa da bargon ulu. Tafin hannayensa duka biyu sun ƙone, don sarƙoƙin ƙofofin sun yi zafi kamar tukunya a kan murhu, shi kuwa sai da ya buɗe su duka.

Gida ya ƙone ƙurmus, Yaya. Namu da na Clarrie. Ba abin da ya rage sai bututun hayaƙi.

Shanu wasu sun tsira. Da yawa kuma suna nan a tsaye a gona, kofatansu sun ƙone, ba sa iya ci, ba sa iya kwanciya. Ka san abin da ake yi musu, kuma ba a jinkirta shi. Clarrie, da shi ma ya rasa komai, ya zo har gadon asibiti ya ce zai ɗauki bindiga ya yi masa. Baba ya girgiza kai. Ya ce dabbar mutum, shi ke sallamar ta, in ba zai iya ba sai ɗansa. Ya ɗaga hannayen nan da aka naɗe, ya dube su, ya ce, "A kira mini Craig."

Ka hau jirgin farko. Zan jira ka a filin jirgi in kai ka gona. Abu ɗaya nake roƙon ka, don Allah don darajar Mama: in ka shigo ɗakin nan, kada ka ce masa ai ka faɗa. Ya sani.

Ƙanwarka mai jiran ka,
Kerrin